Ayon, Abinci da Motsa Jiki a Jikin Mace: Tambayoyi da Amsoshi

Mata da yawa suna fara tafiyar safe ko sassarfa don neman lafiya, bayan 'yan makonni sai su ga haki ya ƙaru maimakon ya ragu, jiri yana ɗibarsu, ƙafa ta yi nauyi. Sau da yawa laifin ba na motsa jikin ba ne, ma'ajiyar ayon ce ta yi ƙasa tun kafin a fara. Ayon shi ne sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Mene ne aikin ayon a jiki, kuma me ya haɗa shi da motsa jiki?

Duk ayon ɗin da ke jikin babbar mace bai wuce giram 2 zuwa 3 ba. Kusan kashi biyu cikin uku yana cikin himoglobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai wa gaɓoɓi. Wani ɓangaren yana cikin tsoka, inda yake riƙe iskar har a buƙace ta, ya kuma taimaka wajen mayar da abinci ya zama ƙarfi. Ragowar ana ajiye shi a hanta da saifa da ɓargo a cikin wani sinadari mai suna feritin.

Tafiya da sauri, sassarfa, tuƙa keke, tsallen igiya, ninƙaya, hawan bene, duk motsa jiki ne da ke tafiya da dogon numfashi, kuma iskar oksijin ce makamashinsu. In ayon ya yi ƙasa, jini ba zai ɗauki iskar da ta isa ba, tsokar ma ba za ta iya amfani da wadda ta iso ba yadda ya kamata. Shi ya sa zuciya ke ƙara bugu don cike giɓin, mace ta ji tana haki a kan tafiyar da a da ba ta ɗauke ta komai ba.

Me ya sa matsalar ta fi kama mata?

Jinin al'ada. Kowane mutum yana rasa kimanin miligiram 1 na ayon a rana ta fata da hanji. Mace mai al'ada tana zubar da jini mililita 30 zuwa 40 a wata, kuma kowace mililita ɗaya tana tafiya da kusan rabin miligiram na ayon. Wadda jininta ya wuce mililita 80, asararta ta ninka. Ciki ɗaya kuwa yana cin kusan miligiram 1,000, tsakanin na jariri, na mabiyiya, na ƙarin jinin uwa da wanda ke zuba wurin haihuwa. In haihuwa ta zo kusa-kusa, ma'ajiyar ba ta samun sararin cika.

Don haka buƙatar ta bambanta: budurwa 'yar shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 a rana daga abinci, mace daga 19 zuwa 50 miligiram 18, mai juna biyu 27, wadda al'ada ta ɗauke mata 8, daidai da namiji. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu cewa kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ba duka ne ayon ya jawo ba, maleriya da tsutsar ciki da sikila suna da nasu kason, amma adadin ya isa ya sa duk macen da za ta fara motsa jiki ta tsaya ta duba jininta.

Ta yaya jiki ke daidaita ayon ɗinsa?

Wannan ita ce tambayar da in aka gane ta, sauran duk sun zo da sauƙi. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ayon da gangan, kamar yadda ƙoda ke fitar da rarar gishiri. Ƙofar shiga kaɗai yake iya tsarewa. Mai gadin ƙofar wani sinadari ne da hanta ke fitarwa, sunansa hefsidin, wanda masana suka gano a tsakanin 2000 da 2001.

A bangon farkon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa mai suna ferofotin, ta nan ayon ɗin abinci ke ratsawa ya shiga jini. Irin wannan ƙofa tana jikin ƙwayoyin da ke saifa da hanta masu farfasa tsofaffin ƙwayoyin jini, waɗanda suka cika kwana 120, su dawo da ayon ɗinsu. Wannan sake-amfani shi ne babban tushe, miligiram 20 zuwa 25 a rana, alhali abin da ke shigowa daga abinci miligiram 1 zuwa 2 ne kawai. In hefsidin ya yi sama, sai ya kama ƙofar ya lalata ta: na abinci ya wuce ta bayan gida, na ma'ajiya ya maƙale a ciki. In ya yi ƙasa, ƙofofin su buɗe.

Abin da ke ɗaga hefsidin: yawan ayon a jini, zazzaɓi ko wata cuta mai sa kumburin cikin jiki, da motsa jiki mai tsanani. Abin da ke sauke shi: ƙarancin ayon, zubar jini, da ɓargo mai neman ƙera sabon jini. Sannan yana bin agogo, da safe yana ƙasa, yana hawa yayin da rana ke yi.

To, motsa jiki yana rage ayon ke nan?

Yana iya ragewa, ta hanyoyi da dama, amma girman abin ya danganta da tsanani da tsawon lokaci. Tsokar da ke aiki tana sakin wani sinadarin saƙo mai suna IL-6, shi kuma ya sa hanta ta fitar da hefsidin. Hawan yana kai ƙololuwa awa 3 zuwa 6 bayan an gama, daga nan ya fara sauka. A cikin wannan tsakanin hanji ba ya tsotsar ayon sosai.

Bayan wannan akwai ɗan abin da ke fita ta zufa, da ƙwayoyin jini da ke fashewa a tafin ƙafa saboda dukan ƙasa mai tauri yayin gudu, da ɗan jinin da ke tsatsa a hanji ga masu dogon gudu, musamman in suna shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kafin fita.

Wadda ke tafiyar minti 30 ko 40 da safe ba ta cikin babban haɗarin waɗannan. Masu gudun awa guda ko fiye kusan kullum, 'yan wasan ƙwallo, masu horon aikin damara, su ne ya kamata su sa ido sosai. Akwai kuma wani abin lura: in ma'ajiyar mace ta riga ta yi ƙasa ƙwarai, hefsidin ba ya hawa sosai bayan motsa jiki, domin buƙatar jiki ta rinjayi saƙon tsoka. Waɗanda ke tsaka-tsaki, ba su cika ba kuma ba su ƙare ba, su ne abin ya fi shafa, don a hankali suke zamewa ba tare da sun sani ba.

Wane lokaci ya fi dacewa in ci abinci mai ayon ko in sha ƙwayarsa?

Da safe. In kina motsa jiki da safe, ki ci ko ki sha kafin ki fita, ko cikin minti 30 da gamawa, kafin hefsidin ya tashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama gudu da ƙarfe 7, a karya da shayi da burodi, a bar naman da wake sai azahar, daidai lokacin da ƙofa ta fi rufuwa. In da yamma kike motsa jiki, ki mayar da abincin da ya fi ayon zuwa karin kumallo, ƙwayar ma ki sha da safe.

Kada ki yi dogon motsa jiki mai tsanani da yunwa a kai a kai. In sukarin da tsoka ta ajiye ya ƙare, IL-6 ya fi tashi. Dabino biyu ko uku, ayaba, ko ɗan koko kafin fita sun wadatar.

An auna PCV ɗina, wato yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jinina, an ce lafiya lau, amma gajiyar tana nan. Me ke faruwa?

Ƙarancin ayon hawa uku ne. Na farko, ma'ajiya ta ragu, feritin ya faɗi, amma jini bai taɓu ba. Na biyu, ɓargo ya fara rasa abin aiki. Na uku ne himoglobin ke faɗuwa, a kira shi ƙarancin jini. PCV da himoglobin hawa na uku kawai suke nunawa. Mace tana iya shafe watanni a hawa na farko da na biyu tana fama da kasala, zubar gashi, jin sanyi, rashin natsuwar ƙafa da dare, da kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa, sakamakon awo kuma yana cewa komai daidai.

Ki nemi a auna feritin tare da cikakken ƙidayar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar himoglobin ƙasa da giram 12 a desilita a matsayin ƙarancin jini ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da 11 ga mai ciki (10.5 a watanni uku na tsakiyar ciki), feritin kuma ƙasa da maikrogiram 15 a lita a matsayin ƙarancin ayon. Likitoci da dama suna fara magani tun daga ƙasa da 30 in akwai alamomi, kuma a ganinmu wannan ya fi dacewa da macen da ke motsa jiki.

Feritin yana yaudara ta hanya ɗaya: zazzaɓi da kumburi suna ɗaga shi, ya nuna kamar ma'ajiya cike take. Kada a auna shi lokacin maleriya ko mura mai zafi, ko washegarin gudu mai tsanani. A je da safe, bayan an huta kwana guda, an sha ruwa isasshe. Haka kuma wadda ta fara horo da gaske ruwan jininta yana ƙaruwa a makonnin farko, himoglobin ya ɗan yi kamar ya sauka alhali tsarma shi aka yi. In feritin yana da kyau, wannan ba cuta ba ce.

Wane abinci ne ya fi ba da ayon?

Ayon iri biyu ne. Na jikin dabba, wanda hanji ke tsotsar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa, kuma abin da aka ci tare da shi bai cika hana shi ba. Sai na tsirrai, wanda ake tsotsar kashi 2 zuwa 20, gwargwadon abin da ya raka shi cikin ciki.

A ɓangaren dabba, saifa da hanta da ƙoda suna gaba. Giram 100 na hantar saniya yana da kimanin miligiram 5 zuwa 6, jan nama 2 zuwa 3. Kifi da kaza suna bi. Ƙwai ɗaya bai kai miligiram 1 ba. Madara da nono da kindirmo kusan babu komai a cikinsu ta wannan fuska. Mai juna biyu ta taƙaita hanta, saboda bitamin A da ke cikinta ya yi yawa ga jariri a farkon ciki.

A ɓangaren tsirrai akwai wake, kofi ɗaya dafaffe yana ba da kusan miligiram 4, sai waken suya, gurjiya, riɗi, agushi, daddawa, gero, da ganye irin su zogale, alayyafo, rama da kuka. Matsalarsu ita ce hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai ɗaure ayon ya hana shi shiga. Dabarun da iyaye suka saba da su suna karya shi: jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, tsirar da hatsi kafin niƙa. Sannan ɗan nama ko busasshen kifi a miya, ko da yanka biyu ne, yana ƙara yawan abin da ake tsotsa daga tuwon da ganyen gaba ɗaya.

Bitamin C shi ne babban mataimaki, amma sai an ci shi a zama ɗaya da abincin. Gwaiba, lemun zaƙi, mangwaro, gwanda, garin 'ya'yan kuka, ɗanyen tumatir da tattasai. Matsa rabin lemun tsami a kan kwaɗon zogale ko dafaffen wake bayan an sauke. Doguwar dahuwa tana kashe shi, kanwa ma haka, don haka a rage kanwa a miya da wake.

Da gaske shayi yana hana jini?

Shayi ba ya shan jini, amma kofi ɗaya tare da abinci yana iya rage tsotsar ayon na tsirrai da fiye da rabi. Shan kofi (coffee) ma yana ragewa, ko da yake bai kai shayi ba. In aka zuba madara, sinadarin kalsiyum ya ƙara nasa cikas. Ba sai kin bar shayi ba, ki ba shi tazarar awa guda bayan abinci, ƙwayar ayon kuwa awa biyu.

Lemon malt da madara, ko zoɓo, suna ƙara jini?

Haɗin malt da madarar gwangwani sukari ne da kalsiyum, yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci, shi ya sa ake jin kamar ya yi aiki, amma ba ya cika ma'ajiya. Jan launin zoɓo kuma launin fure ne, ba alamar ayon ba. Kuɗin da za a kashe a kan haɗin malt na mako guda zai sayi hanta ko ƙwayar ayon ta wata.

In an tabbatar ina da ƙarancin ayon, yaya zan sha maganin?

Ki duba adadin ayon na ainihi da aka rubuta a kwali, ba nauyin ƙwayar ba. Ferrous sulphate mai miligiram 200 tana ɗauke da ayon kusan 65, ferrous gluconate mai 300 kuma kusan 35. Magungunan ruwa na ƙarin jini da yawa abin da ke cikin cokali ɗaya bai kai haka ba, ga tsada.

A da akan ce a sha sau uku a rana. Binciken da aka yi a Zurich ta ƙasar Suwizalan a 2015 da 2017 ya nuna cewa ƙwaya mai miligiram 60 ko fiye tana ɗaga hefsidin har kusan awa 24, ta yadda ta biyu da ta uku suna tarar da ƙofa a rufe, su tsaya a hanji suna tayar da zuciya. Shi ya sa yanzu likitoci da yawa ke ba da ƙwaya ɗaya da safe, kullum ko rana bayan rana. A sha da ruwa ko ruwan lemu, cikin da babu abinci in za a iya jurewa, in ba haka ba da ɗan 'ya'yan itace.

Baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne. Taurin bayan gida ana rage shi da ruwa da ganye, ko a koma rana bayan rana. A raba ta da maganin gyambon ciki, ƙwayar kalsiyum, ciprofloxacin da tetracycline da aƙalla awa 2, maganin maƙoƙo na levothyroxine kuma awa 4. A ɓoye ta inda yara ba za su kai ba, domin ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro, kuma kamanninta na alewa ne.

Bayan mako 3 zuwa 4 ya kamata himoglobin ya hau da giram 1 zuwa 2. Inda aka fi yin kuskure shi ne a daina da zarar an ji sauƙi. Jini ne ya fara cika, ma'ajiya tana nan fanko. A ci gaba wata 3 bayan himoglobin ya daidaita, sannan a sake auna feritin.

Na sha wata biyu ban ga canji ba. Me ya hana?

Ko dai ana shan ta da shayi da madara, ko ana tsallake kwanaki da yawa, ko jinin yana zuba fiye da yadda ake mayarwa, ko kuma matsalar ba ayon ba ce tun farko. Alamar al'ada mai yawa: sauya auduga duk awa ɗaya ko biyu, gudan jini manya, wuce kwana 7, ko jini ya ɓata shimfiɗa da dare. Ƙarin mahaifa yana jawo haka, robar tazarar haihuwa mai tagulla ma tana ƙara jini, masu sinadarin homon kuwa sukan rage shi. A duba tsutsar ciki mai shiga ta ƙafa, tsargiya ga masu shiga rafi da fadama, gyambon ciki, basir mai jini, da maleriya mai yawan dawowa. In hanji ya kasa tsotsa, ko ciki ya tsufa lokaci ya ƙure, akwai ayon na jijiya da ake sa wa a asibiti.

Su wane ne bai kamata su sha ayon da kansu ba?

Masu sikila, musamman waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini, domin ayon yana taruwa a hantarsu da zuciyarsu ko da jininsu ya yi ƙasa. Sai awo ya nuna ƙaranci. Macen da al'ada ta ɗauke mata kuma, in aka same ta da ƙarancin ayon, dole a binciki ciki da hanji a gano inda jini ke zuba kafin a rufe maganar da ƙwaya.

Zan ci gaba da motsa jiki yayin da nake magani?

In ma'ajiya ce kawai ta ragu, ki ci gaba, ki rage tsanani. Ma'auni mai sauƙi: ki tsaya a gudun da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. In himoglobin ya sauka ƙasa da 10, ki tsaya a tafiya ta minti 15 zuwa 20 har ya ɗago. In akwai haki a zaune, ciwon ƙirji, bugun zuciya ko suma, a ajiye komai a je asibiti. Abin da ake so a kai gare shi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Masu gudu su zaɓi ƙasa mai laushi a kan kwalta, su sa takalmi mai taushin tafi.

Ina rage ƙiba, ina cin abinci kaɗan ina kuma gudu. Akwai matsala?

Akwai. Ƙarancin abinci yana rage ayon da ke shiga, yana kuma ɗaga hefsidin. In al'ada ta fara jinkiri ko ta ɗauke wata 3, jiki ne ke nuna abin da ake ba shi bai kai abin da ake karɓa ba, kuma ƙashi ma yana raunana. A rage lemon kwalba da soye-soye, a bar wake da nama da ganye a wurinsu.

Yaya batun mai ciki da mai jego?

Mai ciki ta sha abin da ake bayarwa wurin awo: ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikrogiram 400 kullum. Tafiya da matsakaicin sauri tana da amfani gare ta in ungozoma ko likita ba su hana ba. Bayan haihuwa, naman da ake ba mai jego al'ada ce mai kyau, a ci gaba da ƙwayar mako 6 zuwa 12. Amma kada a ɗora duk hakin jego a kan ƙarancin jini. Haki da kumburin ƙafa da kasa kwanciya a miƙe bayan haihuwa suna iya zama ciwon zuciya na masu jego, wanda ya yi yawa a arewacin Najeriya, kuma yawan kunun kanwa yana ƙara wa zuciya nauyi.

A watan azumi fa?

A sahur shayi da madara sun mamaye, don haka ba nan ne wurin ƙwayar ayon ba sai in za a bar su. Mafi sauƙi a sha ta kafin barci, awa 2 bayan abinci, da ruwa ko ruwan lemu. A buɗe baki da gwaiba, lemu ko gwanda tare da ƙosai ko alale, a jinkirta shayi zuwa bayan tarawi. Motsa jiki ya zama tafiya mara tsanani ta minti 20 zuwa 30, ko dab da shan ruwa ko awa biyu bayansa, a bar dogon gudu sai bayan salla.